Kafin A Ƙara Gas, A Nemi Inda Yake Zuba



Da kwamiti ya nemi mu yi jawabi a bana, wasu sun zaci batun makaranta za mu sake ɗaukowa. To, mun zaɓi magana a kan esin mota, domin mun lura cewa kowace bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kuɗin 'ya'yan garin nan masu yawa suna ƙarewa a gareji ba tare da biyan bukata ba. Mu kanmu abin ya ci mu. Sau uku a bazara ɗaya muka biya kuɗin gas a tsohuwar motarmu ta Kwatano, sanyin ya yi mako biyu ya gudu. Sai a karo na huɗu wani yaro mai haƙuri ya shafa ruwan sabulu a kan bututu, kumfa ta tashi a bakin wani ɗan zoben roba da ya bushe. Abin da ya cinye mana kuɗin buhun hatsi bai kai kuɗin goro ba.

Bari mu koma aji kaɗan. Kowa ya san dalilin da ruwan randa yake sanyi: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bin iska, yana tafiya da zafin na ciki. Haka esi yake aiki. Kwamfaresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, tana matse gas har ya yi zafi. Daga nan ya shiga kondensa da ke gaban lagireto, iska ta huce shi ya zama ruwa. Sai ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya faɗa cikin wasu bututu da ke ɓoye a gaban direba, inda yake tafasa ya koma gas, ya kwashe zafin iskar da fanka ke hurowa cikin mota. Gas ɗin da ke cikin yawancin motocinmu, wato R-134a, yana tafasa tun a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri idan ba a matse shi ba. Daga nan ya sake komawa kwamfaresa.

Darasin shi ne, gas ɗin esi ba kamar fetur ba ne da inji ke ƙonawa. Zagayawa yake yi a rufe. Yakan ragu kaɗan a tsawon shekaru, amma in ya ƙare cikin makonni, akwai inda yake zuba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ƙara gas bai toshe kafa ba, ɗiban ruwa yake yi da kwando. Abin da ya fi muni, man da ke shafe kwamfaresa tare da gas yake zagayawa, kuma tare suke zuba. In man ya yi ƙaranci kwamfaresa ta cije, gyaran da ya kamata ya tsaya a zoben roba ya koma sayen na'ura mafi tsada a esin.

Haka kuma ba kowane rashin sanyi ne laifin gas ba. Ƙurar hunturu takan toshe kondensa da matatar iskar cikin mota. Fanka takan mutu, fiyus yakan ƙone, bel yakan saki. In mota tana sanyi a kan hanya amma ta daina a cunkoso, a fara duba fanka da kondensa kafin a taɓa gas.

Idan an je gareji, ga abin da muke roƙon ku tsaya a kai. Mai gyara ya ɗaura geji ya auna matsin ɓangarorin biyu. Ya nemo inda ke zuba, ko da ruwan sabulu ko da rinin da ake haskawa da fitila. Bayan ya toshe, ya sa famfo ya zuƙe iska da laima daga bututun na kamar minti 30, domin laima takan daskare ta toshe 'yar kafar nan, kuma tana cin ƙarfe daga ciki. Sannan ya zuba gas da awo. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ta faɗi irin gas da nauyinsa, a ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 400 zuwa 800. Wuce awo yana rage sanyi, yana kuma wahalar da kwamfaresa.

Irin gas ɗin ma abin lura ne. Tsofaffin motoci suna amfani da R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana. Daga wajen 1994 R-134a ya maye gurbinsa. Daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, don haka da yawa daga motocin da ke shigowa yanzu R-1234yf ne a cikinsu. Ba a gauraya su. A guji gas mai araha wanda ba a san asalinsa ba, domin araha ba ta ado. A 2011 jabun gas ya fasa na'urorin sanyaya kwantenoni a Biyetnam da Barazil, har aka rasa rayuka. Wasu kuma sukan ɗura gas irin na girki, mai kama wuta, a motar da ke ɗauke da iyalinmu.

Tun da mun ambaci iyali, kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne, domin zafin ciki yana hawa da sauri fiye da na waje. Kada kuma a kwanta a mota da esi a kunne a cikin rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an farga ba. A lokacin hunturu a riƙa kunna esi na minti goma kowane mako, don mai ya zagaya kada robobi su bushe.

Daga ƙarshe, ga kokenmu ga ƙungiya. Duk wanda esinsa ya lalace a garin nan sai ya kai mota birni, alhali ga samarinmu da suka gama sakandare suna zaune a gindin bishiya. Muna ba da shawara a ɗauki yara biyu a kai su koyon wannan sana'a wajen ƙwararru, in sun gama a saya musu geji da famfo da ma'auni, su biya a hankali, kuɗin ya koma kan wasu biyun. Masu gareji a cikinku su karɓi yaran, masu hali su sa hannu a aljihu. Muna fatan kwamiti zai sa wannan batu a ajandar zamansa na gaba.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya albarkaci garinmu da zuriyarmu.