GYARAN TSOHON BABUR: MI ZA A FARA, MI ZA A BARI SAI GABA?

Wannan jawabi ne da wani makanike ya yi wa ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci bayan an gama aikin kaka. Mun buga shi domin a karanta shi a kowace makaranta, a tattauna a kansa.



Yau zancenmu na tsohon babur ne. A garuruwanmu babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai wake da albasa kasuwa. Shi ke kai taki gona. In naƙuda ta kama mace tsakar dare, shi ake tayarwa a kai ta likita. To, in an tashe shi ya ƙi tashi fa? In ya tashi, amma birki ya ƙi kamawa a gangara fa? Kun ga ke nan gyaran babur zancen rai ne, zancen cin abincin iyali ne.

Da can Mobylette ta Faransa da tsofaffin Yamaha ake hawa, ana haɗa musu esansi da mai. Yanzu mafi yawan baburanmu ƴan Sin ne da ƴan Indiya, irin su Kasea, Haojue da Boxer. Mansu dabam, esansinsu dabam. Da yawa cikinsu sun tsufa, sun sha rairayi da ƙura da kaya. Kuɗin sabo ba kowa ke da shi ba. Kuɗin gyara kuma ba ya isa a yi komi rana guda. Shi ya sa sai an yi tsari.

DA FARKO A DUBA, A RUBUTA

Ku da kunka iya karatu da rubutu, kun riga kun sami kayan aiki na farko, wato kaye da alƙalami. Kafin ka kashe ko dala guda, ka wanke babur tas. Datti yana ɓoye tsaga da yoyo. Ka kafa shi bisa ƙafarsa ta tsakiya, ka bi shi tun daga gaba har baya. Abin da ka gani duka ka rubuta.

Sa'an nan ka raba shafi gida 4. Gida na 1, abin da zai iya kashe mutum. Gida na 2, abin da zai iya kashe inji. Gida na 3, abin da zai ƙara wa babur amfani. Gida na 4, ado. Kuɗi ya bi wannan layi. Kada ka tsallake gida na 1 ka faɗa na 4.

GIDA NA 1: ABIN DA KE TSARE RAI

Birki shi ne kan gaba. Ka matsa na hannu. In ya zo har ya taɓa mariƙi bai kama ba, akwai magana. Ka taka na ƙafa. In ya nutse ƙasa sosai, ko ka ji ƙarfe yana cin ƙarfe, takalman birki sun cinye, a sake su. Ka dubi wayar birki. In ko sili guda ya tsinke, sauran suna bisa hanya. Wasu samari suna kwance birkin gaba, wai yana kayar da mutum. Wannan kuskure ne babba. Bisa kwalta birkin gaba ya fi na baya tsayar da babur. Cikin rairayi ne ake matsa shi sannu-sannu.

Sai taya. Tayar da zanenta ya shafe ba ta riƙe ƙasa, kuma ƙayar aduwa ko ta gawo tana huda ta nan da nan. Tayar da ta tsattsage a gefe, rana ta ƙone ta, tana iya fashewa da kaya a bisa. Ga wani amfanin karatu: a gefen taya akwai lambobi 4 a jere cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Ka karanta kafin ka biya, domin akwai tayar da ta tsufa tun tana kanti. Shambur ɗin da ya sha faci bisa faci, shi ma a sake shi. In ka rage iska domin ka ratsa rairayi, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Taya maras iska tana zafi, tana kuma shan esansi.

Ka kama ƙafar gaba da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. Ka yi haka ga ta baya. In tana motsi, boris ya ci. Ka juya kan babur dama da hagu. In yana sarƙewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, a duba shi. Ka ɗauki ɗan ƙarfe ka bubbugi wayoyin ƙafa. Mai kyau tana amo. Wadda ta saki ba ta amo, a ɗaure ta. Waya guda in ta karye, sai ta ja ƴan'uwanta.

Fitila ta gaba da ja ta baya, su ma nan gidansu yake. Amalanken shanu ba ta da fitila, jaki ba shi da fitila. Kai ne za ka gan su. Direban babbar mota kuma, jar fitilarka kaɗai ke gaya masa kana gabansa. A nan za ka sa oda da madubi.

Na ƙarshe cikin wannan gida, hular kwano, wadda muke kira kaske. Ba jikin babur take ba, amma ina sa ta nan da gangan. Ƙafa in ta karye ana ɗori. Kai in ya fashe ba a saye wani a kasuwa. A sa ta, a ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa.

GIDA NA 2: ABIN DA KE TSARE INJI

Man inji shi ne jinin babur. Ƙaramin babur irin namu kamar lita 1 yake sha. Wurinmu da ƙura ta yi yawa, shawarata ita ce a yi juyen mai, wato bidanji, duk kilomita 1000. In agogon kilomita ya mutu, ka rubuta ranar juye cikin kaye, ka riƙa duba sandar awo kowane mako. Ka sayi mai cikin gora rufaffiya. Man da anka juye daga wata mota anka sake durawa, araha ne da ba ya ado. Mai tsohon babur na haɗi, shi kuma kada ya rage mai cikin esansi don tsimi.

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Akwai mataci da ke tare ƙura kafin ta shiga. In na soso ne, a wanke shi da kananzir, a matse, a bari ya bushe, a shafa masa ɗan mai kaɗan. In na takarda ne, ba a wanke shi, sai a kakkaɓe, in ya toshe a sake. Lokacin hazo a duba shi kowane mako. Wasu in mataci ya toshe sai su cire shi su yar. Ranar nan babur zai yi gudu. Amma ƙura za ta shiga ta riƙa goge fistan kamar dutsen niƙa, bayan ƴan watanni sai hayaƙi.

Esansi ma a kula da shi. Tun 2011 matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ke tace man ƙasarmu. Amma a ƙauye na kwalba muka fi samu. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, na bakin iyaka ya yi tsada. Saboda haka kowane ɗigo kuɗi ne. Na kwalba yakan zo da datti ko ruwa. A tace shi da ƙyalle mai tsabta. A sa ɗan ƙaramin mataci a tiyon da ya taso daga tanki zuwa kafireta. Kuɗinsa kaɗan ne, aikinsa babba. In tiyo yana yoyo a sake shi ranar nan, domin ban da hasara akwai gobara.

Buji, wanda wasu ke kira fulogi, yana ba ka labarin cikin inji. Ka kwance shi ka dubi bakinsa. In launinsa kamar na soyayyar gyaɗa ne, lafiya lau. In baƙi ne busasshe, esansi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan: ka dubi mataci da kafireta. In baƙi ne jiƙaƙƙe da mai, inji yana ƙona mansa. In fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima. Hayaƙi ma haka. Baƙin hayaƙi na esansi ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na man inji ne.

Sai sarƙa. Ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya. Ta yi motsi kamar faɗin yatsa biyu, wato santimita 2 zuwa 3. In ta yi tauri da yawa tana cin boris. In ta yi sako-sako tana iya zamewa ta sarƙe ƙafar baya kana cikin gudu. Ka dubi farantai masu haƙora, na gaba da na baya. In haƙoransu sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, sun ƙare. A sake su ukun tare. Sabuwar sarƙa bisa tsohon faranti ba ta daɗewa, ka biya sau biyu ke nan. Kuma kada a cire murfin sarƙa. Rairayi in ya gamu da mai, sai ya zama abin goge ƙarfe.

BABBAN AIKIN INJI

Ku lura da wannan da kyau. Babur in ya rasa ƙarfi, da yawa sai su ce a buɗe inji. Ku dakata. A fara da masu araha: mataci, buji, wanke kafireta, daidaita bawul, iskar taya, birkin da ke riƙewa. Sau da yawa nan cutar take. In an yi waɗannan duka, hayaƙi mai shuɗi bai daina ba, mai yana raguwa kullum, to a buɗe, a sake ringi ko fistan. Bayan aikin a tafi da shi sannu, ba gudu, ba kaya mai nauyi, kuma a juye mai da wuri, wajen kilomita 500.

Kafin ka yarda da babban aiki, ka yi lissafi. In ƙashin babur ya tsage ko ya karkace, kuma kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin wani babur mai lafiya, ka yi shawara da gidanka. Wani lokaci sayar da shi a cika ya fi.

GIDA NA 3 DA NA 4

In gida na 1 da na 2 sun kammala, sai ƙari. Mai ɗaukar kaya ya dubi shokazoba ta baya. In ka danna babur ya yi ta rawa, ko ka ga mai yana tsatsa jikinta, ta mutu. A ƙarfafa kariya, amma ka sani kariya mai ƙarfi ba ta ƙara wa birki ƙarfi. Kaya in sun wuce kima, a yi sawu biyu. Mai tafiyar dare ya sa sabon batir da fitila mai haske, makanike ya haɗa masa, kada a yi ta yanke wayoyi ana ɗaurewa da leda. Kowa ya riƙe famfo, kayan faci, buji guda da ƴan sifanu cikin jaka.

Takardun babur da asiransi, a sa kuɗinsu cikin lissafin shekara. Ranar haɗari ko ranar sata, su ne shaidarka.

Fenti, geza, fitilu masu launi, salansa mai ƙara, su ne gida na 4. Ba a hana ado ba. Amma bayan komi yake zuwa.

MISALIN LISSAFI

A ce manomi ya sayar da wake, ya ware jika 40 domin babur. Farashin nan misali ne, kowa ya tambayi na kasuwarsu.

Taya ta baya da shambur: jika 15
Takalman birki da waya: jika 4
Ƙwan fitila: jika 1
Kaske: jika 8
Mai, buji da matacin esansi: jika 5
Ladan makanike: jika 3

Duka jika 36. Saura jika 4, a aje. Sarƙa da farantai, in ba su kai ga zamewa ba, a ɗaure a shafa mai, su jira kuɗin noman rani. Shokazoba ta biyo baya. Amma komi na taya da birki a gama shi kafin ruwan farko, domin damina hanya santsi gare ta, kuɗi kuma sun tafi gona.

Mai kabu-kabu, in yana aje dala 40 kowace rana cikin asusu, wata guda jika 6 ne. Shekara guda jika 73. Da wannan ba zai ci bashi ranar da taya ta fashe ba.

WURIN MAKANIKE

Ka tafi da kayenka. Ku yi ciniki kafin a kwance ko noti guda. Ka tsaya ka ga aikin. Ka ce a ba ka tsofaffin kayan da anka cire. Kayan gyara suna hawa-hawa, akwai mai kyau, akwai jabu. Ga birki, taya da man inji, ka sayi mafi kyau da aljihunka zai iya. Ga madubi da murfi, mai araha ya isa. In an gama, ka rubuta rana, abin da anka sa, da kuɗin da ka biya. Ranar da za ka sayar da babur, kayen nan zai ƙara masa daraja.

Iyayenmu mata, ku ma zancen ya shafe ku. Ku ake ɗauka da goyo a baya. Ku tambayi maigida ko birki yana kamawa. Ku tattara zane da mayafi, kada su shiga ƙafar baya.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe da safe kowane mai babur ya wanke nasa, ya rubuta gidajen nan 4. Ranar karatu mai zuwa ku kawo, malam ya duba rubutun, ku kuma ku gwama lissafi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu damina lafiya.