Zakka da Wakafi a Ƙofar Ɗakin Gaggawa

 



Mun saba raba zakka sau ɗaya a shekara, da rana tsaka, a gaban jama'a. Ciwon gaggawa kuwa ba ya jiran ranar rabo. A unguwannin Kano irin su Kurna, Ɗorayi da Rimin Kebe, naƙuda kan tsananta cikin dare, a lungun da mota ba ta shiga. Kafin a tashi mai adaidaita sahu, a ranto kuɗi wurin maƙwabta, a isa asibiti, a nemo jini, lokaci ya ƙure. Likitoci sun tabbatar cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu in ba a kai mata ɗauki ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Wata dokar ta 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda. Sai dai doka ba ta zuba wa mota mai, ba ta biyan kuɗin ledar jini. Wannan giɓin namu ne mu cike.

Zakka haƙƙin matalauta ce da waɗanda bashi ya yi wa katutu, suna cikin rukuni takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Da ita za a sauke wa majinyaci nauyin magani da tiyata. Motar ɗaukar marasa lafiya da albashin direbanta kuwa aikin wakafi ne. Da wakafi Sarki Ƙalawun ya riƙe asibitin da ya gina a Alƙahira a 1284, inda ake jinyar mutane kyauta.

Don haka muna roƙon abu uku: a ware kaso daga zakkar bana wanda wakilinmu zai iya fitarwa ko da tsakar dare, masu shaguna da gidajen haya su wakafta abin da zai riƙe motar agaji, matasan masallatanmu kuma su rubuta sunayensu cikin masu ba da jini.

Allah Ya karɓa daga gare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.