Aman Jini da Ciwon Hanta: Rigakafin da Ke Cikin Ƙwaya Guda



Duk wanda ya san Fagge da damina ya san abin da ke faruwa idan lambatu ya toshe: ruwa ya kan bar hanyarsa ya bi lunguna, har ya rushe katanga. Haka al'amarin hanta yake. Jinin da ya taso daga hanji da saifa ya kan bi wata babbar jijiya ya ratsa hanta. Idan hanta ta ƙandare, sai jinin ya koma ƙananan jijiyoyin maƙoshi da tumbi, su kumbura, wata rana su fashe. Nan take mutum ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, dangi kuwa su ce sammu ne.

Ga abubuwa uku daga cikin masu jawo wannan a ƙasar Hausa: ciwon hanta nau'in B, da tsargiyar hanji wadda ake ɗauka a rafi da kududdufi, da kuma giya.

A shekarar 1981 likita Didier Lebrec da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa propranolol, maganin zuciya da James Black ya ƙirƙiro a Ingila, yana rage sake zubar jinin. Aikinsa biyu ne: yana sassauta bugun zuciya, yana kuma tsuke jijiyoyin hanji, don haka jinin da ke tunkarar hanta ya ragu. A yau likitoci sun fi karkata ga ɗan'uwansa carvedilol.

Sai dai akwai sharaɗi. Maganin yana da araha, kuma ba ya wuyar samu a kemis na Sabon Gari, amma lalle likita ne zai tsayar da adadinsa, bayan ya auna bugun zuciya, ya leƙa maƙoshi da na'ura, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai asma bai kamata ya sha ba. Wanda ya fara kuwa kullum zai sha, domin ranar da ya bari, kariyar ta tafi. Wajibi ne kuma ya guji asfirin da ire-irensa.

Daga ƙarshe, ma'aikacin da ya kai iyalinsa gwajin ciwon hanta, ya tabbatar an yi wa jaririnsa allurar rigakafi ranar haihuwa, shi ne ya yashe lambatu tun kafin saukar damina.