Dariya da Rufin Asiri a Littattafan Ƙauyen Ingila

 Yau za mu leƙa wasu littattafan hikaya na ƙasar Ingila, waɗanda labarinsu yake gudana a ƙauye ko ƙaramin gari. Galibinsu mata ne suka rubuta su, kuma mata ne suka fi karanta su. Abin da za ki tarar a ciki shi ne gari mai coci ɗaya da makaranta ɗaya da kanti ɗaya, inda kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Sai ziyarar shan shayi, sai tsegumi, sai wance tana son wane amma ta kasa faɗa. Za ki yi ta dariya daga farko har ƙarshe. To amma a ƙarƙashin wannan dariya akwai babbar magana, wato yadda macen da ba ta da miji, kuma ba ta da dukiya, take rufa wa kanta asiri a cikin jama'a.

Bari mu fara da tsohon cikinsu, littafin Cranford na Elizabeth Gaskell, wanda ya fito a 1853. Cranford ƙaramin gari ne da kusan duk gidajen mutuncinsa mata ne ke riƙe da su, wasu mazansu sun rasu, wasu ba su taɓa aure ba. Dukkansu hannunsu bai da nauyi, amma ba mai yarda a gane. Akwai wata dattijuwa, Miss Matty, wadda kyandir biyu ne a ɗakinta amma ɗaya take kunnawa. Sai ta riƙa canza su, ta kashe wannan ta kunna wancan, don tsawonsu ya zo daidai, idan baƙuwa ta shigo ta ɗauka duka biyun ake kunnawa. Wata kuma ta wuni tana gasa abin taɓawa da hannunta, amma da baƙi suka zo aka kawo faranti, sai ta yi kamar ba ta san me 'yar aikinta ta shirya ba. Baƙin sun sani, ita ma ta san sun sani, amma ba wanda ya ce uffan.

Ina soyayyar take? Tana nan, sai dai mai ban tausayi ce. Miss Matty tana budurwa wani manomi ya nemi aurenta, danginta suka ga bai kai matsayin 'yar limamin coci ba, maganar ta mutu. Ba su sake zama tare ba sai da furfura ta rufe su, ba a daɗe ba kuma ya rasu. Bayan rasuwarsa ne ta kira 'yar aikinta, wadda da ta hana ta kula samari, ta ce ta yarje mata, don kada a yi wa yarinyar abin da aka yi mata.

Daga nan sai bankin da ta zuba 'yan kuɗinta ya karye, abin da ya rage mata bai wuce fam 13 a shekara ba. Ku ji abin da ƙawayenta suka yi. Suka taru a ɓoye, kowace ta rubuta abin da za ta iya bayarwa, aka shirya yadda kuɗin zai riƙa isa gare ta ba tare da ta san daga ina yake ba. Ita kuma ta fara sayar da ganyen shayi a gida. Kafin ta fara sai da ta je wajen mai kantin garin ta tambaye shi ko za ta ɓata masa ciniki. Shi kuwa sai ya koma turo mata masu saye.

Shekara 81 bayan haka, a 1934, D. E. Stevenson, 'yar ƙasar Sikotland, ta fitar da Miss Buncle's Book. A lokacin matsalar ta ƙara girma. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci samari da yawa, har ƙidayar 1921 ta nuna mata sun fi maza yawa da fiye da miliyan ɗaya da rabi a Ingila da Wales. Mata da dama sun san cewa aure ba zai zo ba, dole su ci da kansu. Irinsu ce Barbara Buncle. Ribar hannun jarin da take rayuwa a kai ta ƙafe. Ta yi tunanin kiwon kaji, ta fasa, sai ta ce bari ta rubuta littafi. Da yake tana ganin ba ta iya ƙirƙirar labari ba, sai ta kwashe maƙwabtanta kaf ta zuba a ciki, ta canza musu suna, ita ma ta ɓuya a bayan sunan namiji, John Smith.

Littafi ya fito, ya karɓu, gari ya rikice. Kowa ya ga kansa. Manyan matan ƙauyen suka shiga farautar marubucin. An zargi wannan, an zargi waccan, amma ba wanda ya kawo Barbara a ransa, saboda a wurinsu ita ba kowa ba ce, mace ce shiru-shiru mai tsofaffin kaya. Abin dariya kuma, wasu suka fara bin abin da littafin ya ce. Tsohon sojan da aka aurar a cikin labari ya je ya nemi matar da gaske, mijin da ya ga muguntarsa a rubuce ya fara sassauta wa matarsa. A ƙarshe Barbara ta auri mutumin da ya buga mata littafin. Kun ga wadda aka raina ita ce ta fi kowa ido a garin.

Ta uku ita ce Barbara Pym, wadda aka haifa a 1913. Littafinta na farko, Some Tame Gazelle, ya fito a 1950. Labarin ya da ƙanwa ne, sun haura hamsin, ba su yi aure ba, suna zaune tare a ƙauye. Yayar ta shekara talatin tana son babban limamin cocinsu a zuci, shi kuwa yana da matarsa. Manema suka zo wa kowace, kowace ta ce a'a, suka ci gaba da zamansu cikin kwanciyar hankali. Pym ba ta mai da su abin tausayi ba. Ta nuna su a matsayin mutane masu zaɓi da ra'ayi.

Ita kanta marubuciyar ta ɗanɗana rainin da take rubutu a kai. Ta yi shekaru tana aiki a wata cibiyar nazarin Afirka da ke Landan, tana taimakawa wajen shirya mujallarsu mai suna Africa. Bayan ta fitar da littattafai 6, a 1963 kamfanin da ke buga mata ya mayar mata da na bakwai, aka ce irin labarinta ya tsufa. Shekara 14 ba a buga mata sabon littafi ba, amma ba ta ajiye alƙalami ba. A 1977 wata jaridar adabi ta Landan ta tambayi masana wane marubuci aka fi tauye wa haƙƙi, mutum biyu suka ambace ta, ɗayansu mawaƙi Philip Larkin. A shekarar aka buga sabon littafinta, har ya shiga jerin ƙarshe na gasar Booker. Ta rasu a 1980, bayan ta ga an dawo da martabarta.

'Yan uwa, wannan raini ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun sha jin ana ce wa littattafan soyayya da matan Hausa ke rubutawa aikin banza, alhali a cikinsu ne ake maganar auren dole da kishi da saki, abubuwan da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya. Labari ya zo da raha ba ya nufin ba shi da nauyi.

Saboda haka idan ɗaya daga cikin waɗannan littattafai ya faɗo hannunki, ko na 'yarki da ke makaranta, ki karanta, ki yi dariyarki. In kin rufe shi kuma ki duba unguwarku. Wataƙila akwai mai kunna kyandir ɗaya a kusa da ke, wadda ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba. Matan Cranford sun nuna yadda ake taimakon irinta: a ba ta ba tare da an tona ta ba, in ta kafa 'yar sana'a a saya a wurinta.