Wa ya wanke ambilans bayan an sauke marar lafiya?



Cikinmu da wuya a samu wanda bai taɓa raka marar lafiya gidan likita ba. Ambilans ta zo, an ɗauko shi daga CSI zuwa babban asibiti, mu hankalinmu na kan hanya. To wa ya taɓa tambaya: wanda aka ɗauka kafin namu, me ke damunsa? An wanke gadon bayan an sauke shi?

Mu a jihar Maraɗi mun san kwalara. A 2018 ta fara daga Madarunfa, ta sake dawowa ƙasar a 2021. Cuta ce da ke bin amai da zawo. In an ɗauki mai ita, ƙa'ida ita ce a zuba ruwan jabel mai ƙarfin 2% kan amai da bahaya, a goge gado da ƙasan mota da mai 0.2%, a wanke hannu da mai 0.05%. In ba a yi ba, mace mai naƙuda da za ta hau bayansa ta tafi neman lafiya, ta koma gida da wata cutar.

Sai batun hannu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ma'aikaci ya tsabtace hannu kafin ya taɓa marar lafiya da kuma bayan ya taɓa shi: daƙiƙa 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu, ko 20 zuwa 30 da jel mai alkol. Safar hannu ba ta maye gurbin wannan. Wanda ya duba mutum uku da safa guda, ai ya raba musu cuta ne. Allura kuwa sau ɗaya ake aiki da ita, a jefa ta akwatinta ba tare da an mayar da murfi ba.

Amma kada mu ɗora wa ma'aikata laifi duka. Infirmiye da direban ambilans su ne farkon kamuwa, kuma inda famfo ya kafe, da me za su wanke?

Saboda haka kowace fada ta tura mutum biyu CSI na unguwarta cikin makon nan. Ku gaida majo da ladabi, ku tambaya: akwai ruwa, sabulu, jabel da safa? Abin da babu, ku rubuta, mu kai gaban COGES da magajin gari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.