Ranar Ajiye Alƙalami



Bisa ƙa'idar aikin Gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan huta in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki. Fansho yana biyo baya, amma fansho ba ya cika zaure. Magatakardan da ya saba da masu gaisuwa, ran da ya ajiye alƙalami sai ya tarar da tabarma ba kowa. Wannan ya fi raguwar albashi ciwo.

Saboda haka lalle mutum ya kama gona ko kiwo, ya gina gidansa, ya riƙe zumunci tun yana bisa aiki. Hakimai kuwa su riƙa jawo waɗannan dattawa wajen shawara da sulhu. Tun ran gini, ran zane.