Jawabin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

 

Fannin da ɗaliban da ake yayewa suka karanta shi ne nazarin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai saƙo sassan jiki, kuma cututtukansa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su daina faɗuwa in sun samu magani daidai, amma har yau akan ɓoye yaro mai ciwon a ɗaki, a ce iska ce.

Abin da ya faru a Kano ya isa hujja cewa binciken gida yana da rana. Yara masu sikila sukan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana, kuma akan gane wanda ke cikin haɗari da na'urar Doppler, wadda ake ɗorawa a gefen kai ta auna saurin gudun jini a ƙwaƙwalwa. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kusan duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyaye a nan, don haka likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt suka gwada maganin hydroxyurea, sakamakon da aka wallafa a 2022 kuwa ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Haka nan cibiyar bincike ta BioRTC, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, ta kawo manyan na'urorin bincike Damaturu.

Sai dai ɗalibi mai hazaka ba ya zama inda firjin ajiyar samfuri ke mutuwa saboda ɗauke wuta, kuma binciken ƙwaƙwalwa ba ya nuna a shekara guda. Don haka ana roƙon gwamnatoci da asusun TETFund su ba da tallafin da zai ɗauki shekaru, tare da albashin masu gyaran na'urori, waɗanda aka saba mantawa da su, attajirai kuma su kafa waƙafin da zai riƙe matashi har ya kammala digirin digirgir a gida.